Ciwo a Ƙwauri, Wuƙa a Kwatangwalo

Akwai wani manomi da ƙari ya fito masa a ƙashin ƙwauri. Mutumin nan akwai taurin kai. Ya shekara yana ɗingishi yana cewa targaɗe ne, sai da ƙafar ta ƙi taka ƙasa matarsa Lai'atu ta kai shi asibiti.

Likita ya duba hoton ƙashin, ya ce, "Baba, ka gode wa Allah, ba ciwon daji ba ne. Amma ya cinye ƙashin ta ciki, saura ɓawo. Tuntuɓe ɗaya zai karya shi, ƙafar kuma ba lalle ta sāke ɗaukarka ba. Za mu kankare ƙarin, sa'an nan mu yanko ɗan ƙashi daga kwatangwalonka mu cike ramin."

Manomin ya ce, "Likita, ciwo a ƙwauri, wuƙa a kwatangwalo? Ku cire abin da ya lalace, ku bar mini inda bai yi laifi ba."

Aka ajiye takardar yarda a gabansa domin ya dangwala. Sai ya cusa babban yatsansa cikin riga. Likita na jira.

Can Lai'atu ta ce, "Maigida, bara da ka haƙe gara daga gindin rumbu, haka ka bar ramin?"

"Na cike shi."

"Da ruɓaɓɓiyar ƙasar da ka fitar?"

Sai ya tuna jar ƙasa mai kyau ya haƙo daga wani wuri ya cike ramin. Ya fito da yatsan, ya dangwala.

Da ya farfaɗo, kwatangwalon ya fi ƙwaurin zafi, ya kuwa yi mita har Lai'atu ta gaji da ji. Amma da damina ta faɗi, da ƙafafunsa biyu ya tafi gona.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce: ƙarin shi ne zunubin da muke kira ƙarami. Dukanmu muna so Ubangiji ya cire shi, amma zuciyar da aka kankare aka bari fanko karyewa take yi. Domin ya cike ta, zai taɓa inda kake ganin lafiya lau ne: hutunka, girmanka, abin da kake taƙama da shi. Zai yi zafi, ba zan ɓoye muku ba.

Takardar tana gabanka yau. Ina yatsanka?