Injin Hopmat na Jamus

"Miƙo in gani mana, ai daga akwatin babana ya fito."

"Da wannan hannun naki mai kitsen rago? Feruza, wannan ba ludayi ba ne, injin Jamus ne."

"Baba bai taɓa wuce Samarkand ba."

"Ke dai koma kan shinkafarki."

Davron ke nan, mijin Feruza, mutumin da tun da aka yaye shi bai taɓa cewa "ban sani ba" ba. Yana cikin ƙungiyar masu tseren ƙananan jiragen ruwa na wasa a wani tafki na birnin Tashkent, kuma ranar Asabar za a zaɓi sabon alƙalin injuna. Kujerar nan yake so ido rufe. Sai ga shi ya tsinci wani tsohon inji a kayan marigayi surukinsa, bai fi dunƙulen hannu ba, an buga masa haruffa shida a gefe: HOPMAT.

Ya naɗe shi a sabon tawul, ya hana kowa gani. Kwana uku yana gaban madubi yana gwada faɗin "Hopmat" da murɗa baki kamar wanda shayi ya ƙona.

Ranar Asabar dattawan ƙungiya suka taru a gidan shayi. Tsohon alƙali, Baba Tursun, ya ce duk mai son kujerar ya kawo inji ya yi bayaninsa. Davron ya miƙe, ya gyara murya.

"Iyayena, ga Hopmat. Guda bakwai suka rage a duniya. Ku dubi ƙirar nan, hannun mutumin ƙasar nan ba zai iya ba."

Baba Tursun ya karɓa. Ya juya faifan injin da yatsa, ya kara a kunne ya ji numfashin fistin. Ya sunsuni tsohon mai, ya shafa sawun magagari a jikin ƙarfen. Sannan ya sa tabarau.

"Ɗana, a makaranta da wane rubutu ka fara karatu?"

"Da na Rasha, Baba, kamar kowa."

"To karanta mana da shi."

A rubutun nan, harafi mai kama da H shi ne N, mai kama da P kuma R ne. Davron ya ƙura ido, leɓensa na motsi.

"Nor... mat."

"Normat, surukinka, Allah ya jiƙansa. Tare muka ƙera shi a bayan gidansu. Tukunyar matarsa muka sace muka narka, wata guda ba ta yi masa magana ba. Injin ya ci tsere huɗu a tafkin nan."

Wani dattijo ya ƙware da shayi, aka shiga bubbuga masa baya. Baba Tursun ya naɗe injin a hankicinsa, ya ce a mayar wa 'yar Normat, ya kira mai neman kujera na gaba. Davron na tsaye da tawul ɗin a hannu.

"Amma ita tukunyar," ya ce, "an tabbata ba ta Jamus ba ce?"

Mai karatu, girman kai yana hana mutum karanta ko da abin da ya iya. Da Davron ya bar matarsa ta duba sau ɗaya, da ta gane sunan mahaifinta, da bai rasa kujera da mutuncinsa a zama guda ba. Kafin ka yanke hukunci a kan abu, tambayi waɗanda suka rayu da shi, kuma kada ka raina aikin gida don kana kwaɗayin na nesa.