Hoton Da Gherasim Ya Liƙe

Akwai wani mai matsar inabi a ƙauyenmu, Gherasim, mutum mai taurin kai. Da hukuma ta ce kowace kwalbar giya sai an sa mata gargaɗi, har da hoton mace mai ciki da aka ja wa jan layi, sai ya hau faɗa.

"Kakana ya sha, ya kai casa'in! Su wa za su koya mini?"

Ya buga hoton don dole. Amma ya sayo ƴan takardu masu ruwan zinare, ya bi kwalabe yana liƙe hoton da su.

Uwarsa Paraschiva ba ta taɓa shiga aji ba. Hoton kaɗai ta iya karantawa. Ta ɗauki wata kwalba da ba a liƙe hotonta ba ta kai wa ungozomar asibiti, ta ce, "Ke, me wannan matar ta yi aka soke ta?"

Aka gaya mata giya na cutar da ɗan da ke ciki. Ta dawo gida.

Ranar Lahadi ana cin tuwon masara, Gherasim ya cika kofi da giya ya tura wa Ilinca, matar ɗansa, mai cikin fari.

"Shanye, ƴata. Ja ce, tana ƙara jini."

Paraschiva ta kife kofin. Ta sa farce ta kankare zinaren, ta dangwara masa kwalbar a gaba.

"Haba Inna, ado ne kawai..."

"Adon ubanka! Toader, zo nan."

Toader ƙanen Gherasim ne. Ya yi furfura, amma har yau uwarsa ke ɗaure masa igiyar takalmi. Ya taso yana murmushi, da cokali a hannu.

Paraschiva ta ce wa Gherasim, "Da nake da cikinsa, kullum sai kakanka ya cika mini kofi. Ƙarin jini, in ji shi. Ba wanda ya ja mini layi. Yau an ja, kai kuma ka liƙe don kar ciniki ya ragu? Dube shi! Ka dube shi na ce!"

Ilinca ta dafe cikinta, ta tashi daga teburin.

Gherasim ya yi mako yana kankarar kwalabe, har farcensa ya tsage. Toader na gefe yana miƙo masa.

Darasi: Gargaɗin da ya ɓata maka rai, wata uwa ta so a ce ta gan shi tun da wuri. Kada ka rufe shi. Ku tura wa duk gidan da ke da mai ciki wannan labari, kar ku tsaya jin kunya.