Muryar da Aka Sunkuyar

An yi wani mutum a bakin kogin Nila, can wata ƙasa mai nisa ta gabas, makarancin Veda, karatun addini mai tsarki. Ya 'yan uwa, kun san Veda ba ƙagen ɗan Adam ba ne. Jin sa aka yi, baki ya miƙa wa kunne har ya iso gare mu. Reshen karatun da gidansu ya gada kuwa, a kansa kaɗai ya rage.

Ɗalibai suka zo ɗauka. Yana kama kan kowannensu yadda aka saba, ya ɗaga shi inda murya ke hawa, ya sunkuyar inda take sauka. Sai ƙyashi ya shige shi. In sun iya duka, wa zai ƙara fara shimfiɗa masa ganyen ayaba na zuba abinci ranar walima?

A cikin addu'ar rakiyar mamaci, a kalma ɗaya tak, ya riƙa sunkuyar da kansu inda ya kamata ya ɗaga. Daidan ya ajiye wa ɗansa Bawadasan, wai sai ya ƙara hankali. Shekara da shekaru bakinsa na maimaita karkataccen, safe da yamma.

Wata damina zazzaɓi ya ɗauke Bawadasan. Aka sare itacen mangwaro, aka jera a kudancin gida, aka kwantar da gawarsa a kai don a ƙone bisa al'ada. Ɗaliban suka ɗauki karatu, uban na gaba. Da suka iso kalmar nan, muryoyi suka sauka tare.

Uban ya yi ƙara. "Ku tsaya! Ba haka ba ne!"

Babbansu ya ce, "To yaya ne, Malam? Ai haka ka koya mana."

Ya buɗe baki, muryarsa ta sauka. Ya sake, ta sauka. Ya kama kansa da hannu biyu ya ɗaga, harshen ya ƙi. Wa zai tambaya? Mahaifinsa ya daɗe da zama toka. Haka aka sa wutar, ya raka ɗansa da ƙaryar da ya dasa.

Abin tausayi, har ya mutu ana ganinsa a bakin kogi yana ɗaga kai yana saukewa, yana neman murya ɗaya.

Ya 'yan uwa, abin da aka ji amana ne, ba gadon gidanku ba. Wanda ya karkata shi don ya hana wani, harshensa ya fara karkatawa.

Allah ya kiyaye mana harsunanmu, ya sa mu miƙa yadda muka karɓa.