Ranar da Zalaidu Ya Tuɓe Kwalliyarsa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo.

Kun san Zalaidu? Ɗan tsuntsun nan mai jan doguwar wutsiya a bayansa. Kai baƙi ƙirin, wuya ja kamar manja. Ga kyau, ga son a gani. Ke Lantana, daina harara ta, ba da ke nake ba.

Wata rana da damina, Shaho ya kawo sura zai ɗauke ɗan Fakara. Zalaidu na rawarsa a sama, sai ya zabga wa Shaho wutsiya a ido, fyat. Ɗan Fakara ya tsira. Shaho ya tashi da kumburarren ido, ya rantse sai ya cinye wanda ya yi masa haka. Abu uku kawai ya gani: baƙin kai, jan wuya, doguwar wutsiya.

Da damina ciyawa ta rufe ko'ina, bai same shi ba. Rani ya zo, aka ƙone daji, maɓoya ta ƙare. Shaho ya fito nema.

Ya cafke Hankaka. "Baƙin kai, kai ne."

Hankaka ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi ƙirjina, fari fat. Ina jan wuya?" Ya sake shi.

Ya cafke Zakara. "Jan wuya, kai ne."

Zakara ya ce, "Yallaɓai, ni da ko katanga da kyar nake hayewa?" Ya sake shi.

Ya cafke Tsirya. "Doguwar wutsiya, ke ce."

Tsirya ta ce, "Haba, ni koriya ce shar. Mai kamannin nan yana can gindin ƙaya."

Matar Zalaidu ta hango Shaho tafe. Ita kuwa launin ƙasa ce, ba ado ko ɗaya. Ta ce, "Maigida, tuɓe."

"In tuɓe me?"

"Duka. Wutsiyar, jan, baƙin."

"Wutsiyata? Allah ya kiyaye."

"To zauna, Shaho zai tuɓe maka har da naman."

Ta kama fizgar gashinsa, yana kuka. Ta birgima shi cikin toka. Ko gama karkaɗe fiffike ba su yi ba, sai ga Shaho, dirim.

Ya ce, "Ku mata, ina mai gidan?"

Matar ta ce, "Ya yi tafiya. Wannan ƙanwata ce."

Shaho ya so ya tunzura shi ya tona kansa, ya ce, "An ce mai gidan bai iya rawa ba." Zalaidu ya haɗiye fushinsa.

"An ce jan wuyan shafe ne." Zalaidu ya fara kumbura.

"An ce wutsiyar ma aro ce."

Zalaidu ya buɗe baki, "Wane ɗan..." Matar ta take masa ƙafa da ƙarfi. Ta ce, "Mura ke damunta, ranka ya daɗe."

Shaho ya ƙare masa kallo sama da ƙasa. Ya ce, "Kai, ƙanwar nan taki akwai muni. Ko kyauta aka ba ni ba na ci." Ya tashi abinsa.

Wallahi yara, kukan da Zalaidu ya yi kan maganar nan ya fi na fizgar gashin. Amma da ransa ya yi kukan.

Shi ya sa har yau, da rani ba ka bambance shi da matarsa. Sai ciyawa ta yi tsawo yake fito da wutsiyarsa ya hau sama yana rawa, ko Shaho zai gani ya janye maganarsa.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera. Lantana, ɗebo mini ruwa.