Mai Unguwa Ya Zo Karɓar Rana

Wai Tasalla mai zoɓo ta ɗora faifan sola a rufinta, yana mai da hasken rana wutar firji. Sai maƙwabcinta, Mai Unguwa Barau, ya kira ta.

"Faifanki yana zuƙe rana, barkonona ya ƙi bushewa. Ki mayar mini da ranata, ko in sa a sauke shi."

Tasalla ta tuna zoɓonta, ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, zan mayar, amma sai a hannun mai ita. Gobe da azahar ka tsaya a fili, ba hula ba lema, in sako maka."

Washegari bai jima a tsaye ba gumi ya jiƙa riga.

"Ta isa, Tasalla! Riƙe sauran!"

"Godiya nake. A kawo mai sanyi?"

Kofi biyu ya shanye.