Gawayin da Aka Raina

Akwai wata gwauruwa mai sana'ar ƙona gawayi, wadda hannuwanta ba sa rabuwa da baƙi ko ranar Lahadi. A bakin gidanta akwai rijiya da mijinta ya haƙa kafin ya rasu, kuma duk ƙauyen a nan suke ɗiban ruwa.

To, mutanen ƙauyen nan suna da wata mummunar ɗabi'a. In sun dawo daga feshin ciyawa a gona, a bakin rijiyar suke wanke tankunan feshinsu, su zubar da ɗaurayar a nan, don ƙiwuyar zuwa nesa. Gwauruwar ta yi magana har ta gaji. A hankali dafin ya ratsa ƙasa ya shiga ruwan. Ruwa garau a ido, amma awaki suka fara mutuwa, yara suna kuka da ciwon ciki.

Sai wata malamar lafiya ta zo daga birni da wani farin gari. Ta ce garin nan zai farfasa dafin, amma shi kaɗai ba ya iya komai, sai an haɗa shi da gawayin totuwar masara wanda aka ƙona sosai a rufaffiyar tukunya, aka daka. Gawayin ne ke tayar da ƙarfin maganin.

Da ta tafi, dattawa suka yi ta dariya. Wa ya taɓa jin an wanke ruwan sha da baƙin abu? Suka zuba farin garin zalla, don shi ne ya yi musu kama da tsabta. Bayan kwana bakwai suka saka ƙananan kifaye a ruwan don gwaji, kafin azahar duk sun juya ciki sama. Nan take mai unguwa ya yanke cewa rijiyar ta mutu, a cike ta da ƙasa.

Kashegari da safe maza suka zo da shebur da kwanduna. Suka tarar da gwauruwar zaune daram a bakin rijiyar, ta saka ƙafafunta ciki.

Mai unguwa ya ce ta tashi, kada ta ba mutane kunya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba zan tashi ba. Ku kuka ɓata ta, kuka ƙi rabin maganin don baƙi ne, yanzu kuma za ku binne ta? Sai dai ku fara zuba ƙasar a kaina."

Wani ya ce ta je ta wanke hannunta tukuna kafin ta yi maganar tsabta. Ko kallonsa ba ta yi ba. Haka ta zauna rana tana dukanta, har mai unguwa ya gaji ya ba ta kwana uku.

Ta tara totuwa, ta ƙona, ta daka. Ta ƙulle gawayin a buhu, ta saka a babbar randa cike da ruwan rijiyar, ta barbaɗa kaɗan daga sauran farin garin. A rana ta uku ta zuba kifaye a gaban kowa. Aka tsaya ana jiran su mutu. Azahar ta yi, la'asar ta yi, kifaye suna ta wasansu. Ta jawo buhun ta kwance, ga gawayi nan yadda yake, bai ragu ba. Da shi ɗin dai da ragowar farin garin aka yi wa rijiyar magani, bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasar bakinta. Malamar ta dawo ta auna ruwan, ta ce a sha. Daga ranar kuwa, duk wanda ya doso rijiyar da tankin feshi, da muciya gwauruwar ke tarbarsa.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Rijiyar ita ce mutumin da zunubi ya ɓata, sau da yawa ma zunubin da mu muka zubar a bakinsa. Farin garin shi ne Maganar Allah. Ba ta da aibi, amma Ubangiji ya ga dama ya aiko ta ta hannun mutane. Gawayin kuwa su ne waɗanda suka bi ta wuta: wanda ya taɓa faɗuwa ya tuba, wadda ta binne 'ya'yanta ba ta bar addu'a ba. Mu kan ajiye su a kujerar baya don ba su yi mana kama da tsarki ba, alhali su ne za su iya zama kusa da mai dafi a zuciya, su fito ba su lalace ba.

Ni kam abin yana ba ni haushi. A ikkilisiyar nan akwai wanda muka riga muka ɗauko masa shebur, kun san shi, ba sai na kira suna ba. In kai ne wuta ta taɓa ƙonawa, kada ka ɓoye hannunka a aljihu. Ka je ka zauna a ƙofarsa, kuma in muka zo muka ce ka tashi, kada ka tashi.