Kurege da Kanyar da Ta Kashe Biri

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Da Kurege ya dawo daga yawon duniya, sai ya tarar gari ya sauya. Kasuwa ta koma gabas. Kunkuru ya zama mai unguwa. Akuya har da jikoki. Ita kuwa kanyar bakin rafi, wadda kwaɗayinta ya dawo da shi, an kewaye ta da ƙaya, an sa Bushiya gadi.

To, shi ya ɓata wa kanyar suna. Kafin ya tafi, don ya sha shi kaɗai, ya baza cewa Biri ya sha ta ya mutu.

Ya ce, "Inna Bushiya, buɗe in ɗan tsinka."

Ta ce, "Rufa mini asiri, ɗan nan! Ita fa ta kashe Biri."

"Wane Birin? Wancan da ke susa a kan katanga?"

"Shi. Allah ne ya yi da sauran kwanansa."

Kurege ya tara gari, ya ce, "Jama'a, zancen nan ni na ƙaga shi."

Kunkuru ya ce, "Yaro, kai kaɗai ka faɗa? Akuya ma ta gaya mini."

Akuya ta ce, "Ni kuma daga bakin mai unguwa na ji."

Bushiya ta ce, "Shekara da shekaru rana na dukana a nan. Wato gadin banza nake yi?"

Kurege ya ce, "Biri, don Allah gaya musu!"

Biri ya dafe ciki. "Wallahi abokina, tun da na ji labarin mutuwata ban ƙara jin daidai ba."

Haushi ya kama Kurege. Ya tsallake ƙaya, ya haye, ya yi ta sha, ya yi ta sha, nunanna da ɗanya, har cikinsa ya zama tulu. Ya buɗe baki zai ce kun gani, sai ciki ya murɗa.

Gari ya ɗauka, "Ba mun faɗa ba!"

Suka danne shi, suka yi ta ɗura masa jiƙon maɗaci. Da ya ga za a ƙaro ƙwarya, sai ya yi ihu, "Na yarda! Guba ce! Ku bar ni in kwashe 'ya'yan in zubar can nesa, kada jikokin Akuya su tsinta."

Nan da nan aka cika masa buhu, ana sa masa albarka.

Gogan naka ya koma gida yana dariya, ya ɗaure kayan tafiya. Ya zaro kanya guda, ja wur, ya kai baki. Sai ya tuna Biri dafe da ciki. Ya shinshina ta, ya juya ta, ya mayar cikin buhu.

Ya ce, "Bari dai in sami wani a hanya ya fara ɗanɗanawa."

Ƙurunƙus kan ƙadangare! Wanda duk zai yi wa itace ƙarya, ya daure ya zaɓi mai ɗaci.